Mashayar Tan Hill Da Waɗanda Suka Riƙe Ta

A can arewacin ƙasar Ingila, cikin lardin Yorkshire ta Arewa, akwai wani gida na dutse da yake tsaye shi kaɗai a kan tudu, a bakin wata 'yar siririyar hanya. Ba shi da maƙwabci ko ɗaya. Ƙauyen da ya fi kusa da shi, watau Keld, yana da nisan kimanin mil 4, wurin da za a iya kira gari kuwa sai an yi tafiyar mil 10 da ɗoriya. Duk inda mutum ya juya babu abin da zai gani sai fili fetal, da gajeriyar ciyawa, da tumaki jefi-jefi. Sunan gidan Tan Hill Inn. A duk faɗin Biritaniya babu mashayar da ta kai shi bisa, domin yana kan tudun da ya ɗara teku da ƙafa 1,732, watau mita 528.

Wanda ya san Jos zai yi murmushi in ya ji wannan lissafi, gama ko rabin tudun Jos bai kai ba. Amma Ingila tana can ƙuryar arewacin duniya, inda rana ba ta da ƙarfi. A irin wannan tudu babu itace ko ɗaya da zai tare iska, in kuwa hunturu ya kama, dusar ƙanƙara takan binne hanya kwana da kwanaki. To, wane ne zai gina gidan ciniki a irin wannan wuri? Kuma ta yaya gidan ya rayu fiye da shekara 300, alhali dubban irinsa da suke tsakiyar garuruwa sun mutu? Amsar tambaya ta farko tana ƙarƙashin ƙasa. Amsar ta biyu tana wurin mutanen da suka riƙe gidan, ɗaya bayan ɗaya.

Matsayin Mai Masauki

Kalmar mashaya ba ta da daɗin ji a kunnen Bahaushe, kuma da dalilinsa, don haka ya kamata a fara da bayanin matsayin irin wannan gida wurin Turawan Ingila. Tun zamanin da, gidajen nan iri-iri ne. Akwai ƙaramin gida da ake dafa giyar sha'ir ana sayar wa mutanen unguwa. Akwai kuma masaukin matafiya na bakin hanya, inda ake samun abinci da wurin kwana da bargar dawaki, ana kuma sayar da giya. Tan Hill yana cikin kashi na biyu. Aikin mai riƙe da shi ya fi kama da na mai masaukin fatake a zango, wanda yake sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya nema wa dabbobinsa harawa.

Hukuma ta daɗe da sa wa sana'ar ido. A shekarar 1393 Sarki Richard na Biyu ya ba da umurni kowane mai sayar da giya ya rataya alama a ƙofar gidansa, domin masu binciken hukuma su san inda yake. A shekarar 1552 aka kafa doka cewa ba mai buɗe irin wannan gida sai da lasin daga alƙalan yankinsa. Bayan wannan kuma akwai wani nauyi da shari'ar Ingila ta ɗora wa mai masauki tun da can, wanda ba ta ɗora wa sauran 'yan kasuwa ba. Mai kanti yana iya ƙin sayar wa wanda ya ga dama. Mai masauki kuwa ba shi da ikon korar matafiyi ba tare da dalili ba, muddin akwai wuri, matafiyin kuma yana cikin hankalinsa, yana da abin biya. A tsakiyar gari wannan ƙa'ida ba ta wuce magana a takarda ba, domin in an rufe ƙofa ɗaya akwai ta gaba. A kan tudun Tan Hill, daren hunturu, ƙofar da aka ƙi buɗewa tana iya zama ajalin mutum.

Zamanin Kwal

Abin da ya kawo mutane wannan tudu shi ne kwal. Tun cikin ƙarni na 13 ake haƙarsa a nan, har ana kai wa fadar Richmond mai ganuwa da take can gangare wajen gabas. Kwal ɗin ba mai kyau ba ne, toka ta yi masa yawa, ga hayaƙi. Amma shi ne na kusa, a lokacin da ɗauko kaya daga nesa ya fi kayan tsada. Manoma suna ƙona dutse da shi su sami farar ƙasa da suke zuba wa gonakinsu. Masu narka dalma a kwarin Swaledale da na Arkengarthdale suna bukatarsa. Matan gida kuma suna hura murhu da shi.

Saboda haka hanyoyi suka taso daga kowace kusurwa suka haɗu a kan tudun. Ayarin dawakin kaya yakan hau da buhuna wayam, ya sauko da su cike. Daga baya aka gyara hanyar da ta tashi daga Reeth ta bi ta nan zuwa Brough, kekunan doki suka fara bi. Masu koro shanu da tumaki zuwa kasuwanni su ma ta nan suke ratsawa. Ginin da yake tsaye yanzu an yi shi ne cikin ƙarni na 17. A ƙarni na 18 ana kiransa da sunan ɗaya daga cikin ramukan kwal na wurin, watau Ramin Sarki. A lokacin ba shi kaɗai ba ne, akwai ƙananan gidajen mahaƙa kewaye da shi.

Masu riƙon gidan na wancan zamani ba su bar wani dogon labari ba, amma aikinsu a bayyane yake. Mahaƙin da ya fito daga rami jiƙe sharkaf yana bukatar wuta da zai shanya tufafinsa. Mai keken doki yana bukatar inda zai jira a auna masa kaya. Baƙon da dare ya yi masa yana bukatar shimfiɗa. Mai gida ba ya rayuwa da cinikin giya kaɗai. Yana kiwon 'yan tumakinsa, matarsa tana gasa burodi, tana dafa wa masu kwana abinci. Tulun giya kuwa sai an turo shi daga kwari, kamar yadda ake turo gari da gishiri da kyandir.

Sa'an nan zamani ya juya. A shekarar 1861 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa da ta ƙetare tudun Stainmore, 'yan mil kaɗan arewa da Tan Hill. Jirgi ya fara kawo kwal mai kyau daga Durham a kan farashi mai sauƙi. Daga wajen 1880 kuma kasuwar dalma ta karye, saboda dalma mai araha da ake shigowa da ita daga ƙasar Sifen. Ramukan dalma suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Swaledale suka yi ta ƙaura, waɗansu zuwa masaƙun Lancashire, waɗansu zuwa ramukan kwal na Durham, waɗansu har Amurka. Haƙar kwal a Tan Hill ta yi ta ja da baya, har aka rufe babban rami na ƙarshe a shekarar 1929. Gidajen mahaƙa suka zama kufai, aka rushe su. Dalilin da ya sa aka gina masaukin ya tafi, aka bar shi tsaye a fili.

Susan Peacock

A bisa lissafin kasuwa, nan ya kamata labarin ya ƙare. Abin da ya hana shi ƙarewa wata mace ce, Susan Peacock. Ta zo Tan Hill a farkon ƙarni na 20 tare da mijinta na fari da ƙananan 'ya'yanta mata. Ba a yi shekaru da yawa ba mijin ya mutu. Mace mai marayu, a kan tudun da babu maƙwabci na kirki, babu lantarki, babu famfo, cinikin kuma kullum raguwa yake yi, babu wanda zai zarge ta in ta tattara nata ya nata ta sauka kwari. Ba ta sauka ba. Ta sake aure da wani mutumin yankin mai suna Michael Peacock, ta ci gaba da riƙon gidan har mutuwarta a shekarar 1937. Shekara 30 da 'yan kai ke nan.

Shekarun nan kuwa su ne mafi tsanani a tarihin gidan. A gabanta aka yi Yaƙin Duniya na Farko, samarin kwarin suka tafi, hukuma ta taƙaita lokutan sayar da giya. A gabanta aka rufe rami na ƙarshe, maƙwabtanta suka watse. A gabanta tattalin arzikin duniya ya karye. Da hunturu akan yi makonni ba a ga baƙo ba. Duk da haka wutar murhu tana ci, domin wanda yake riƙe da masauki bai san daren da za a buga masa ƙofa ba.

An shaide ta da faɗar gaskiya ba kwana-kwana, da rashin ɗaukar raini. Mutanen kwarin suna ba da labarin cewa takan ajiye ƙaramar bindiga kusa da ita saboda miyagun baƙi. Cikin shekarun 1930 gidan rediyon BBC ya yi hira da ita a kan zaman tudun, mutanen birane suka ji muryarta, waɗansu suka fara hawowa da motoci da kekuna don su ga matar da gidanta. Ba ta je neman suna ba, amma sunan ya kawo wa gidan sababbin baƙi a daidai lokacin da tsofaffin suka ƙare. Da ta mutu aka sassaƙa sunanta a jikin wani dutse bayan gidan.

Makiyaya Da 'Yan Tattaki

Waɗanda ba su taɓa barin tudun ba su ne makiyaya. Akwai wata irin tunkiya mai baƙar fuska da farin baki da murɗaɗɗun ƙahoni, wadda ake kira da sunan kwarin Swaledale. Tana kwana a fili cikin ƙanƙara, tana rayuwa da ciyawar da sauran tumaki ba sa iya ci. Lokacin da aka kafa ƙungiyar masu kiwon wannan tunkiya a shekarar 1919, manoman da suke zaune cikin mil 7 kewaye da Tan Hill ne suka fara ta. Watau masaukin ne aka ɗauka ya zama cibiyar da ake auna ƙasar makiyayan da ita. Daga shekarar 1951 aka fara yin bikin nunin tumaki a filin da yake gefen gidan, a ƙarshen watan Mayu. A ranar akan kakkafa shingaye, alƙalai su duba haƙora da ƙahoni da gashi, ragon da ya ci kuwa darajarsa a kasuwa ta ɗaga. Gidan da ya rasa mahaƙa sai ya zama dandalin makiyaya.

Baƙi na gaba da ƙafa suka zo. A shekarar 1935 wani ɗan jarida mai suna Tom Stephenson ya rubuta shawara cewa a fitar da doguwar hanyar ƙafa a kan jerin tuddan Pennine, waɗanda ake yi wa laƙabi da ƙashin bayan Ingila, domin ma'aikatan birane su sami inda za su sha iska. Sai da aka shekara 30 ana fafatawa da masu filaye kafin a buɗe ta, ran 24 ga watan Afrilu 1965. Tsawonta mil 268, daga Edale har Kirk Yetholm cikin Sikotlan, kuma ta bi ta ƙofar Tan Hill daidai. Wanda ya nufi arewa daga nan, abin da yake gabansa wata shimfiɗaɗɗiyar fadama ce mai cin ƙafa, saboda haka da wuya ɗan tattaki ya wuce bai tsaya ba. Yawancinsu abin da suke nema shayi ne mai zafi, da miya, da wurin shanya takalma. Bukatarsu ɗaya ce da ta mahaƙan da, tufafi ne kawai suka bambanta.

Mota kuwa ta zo da alheri da akasinsa. Ta kawo 'yan yawon buɗe ido da bazara. Amma haɗarin da masu tuƙi cikin maye suke jawowa ya kai matsayin da a shekarar 1967 aka kafa dokar da ta ba 'yan sanda ikon auna numfashin direba. Dokar ta ceci rayuka da yawa, ta kuma tilasta wa mashayun bakin hanya su sake lale. Wanda ba a iya zuwa wurinsa sai da mota, dole ya dogara ga abinci da ɗakunan kwana. Har iyakar lardi ma ta taɓa motsawa a ƙarƙashin gidan. A shekarar 1974, da aka sake fasalin ƙananan hukumomin Ingila, sai ya faɗa cikin lardin Durham. Mutanen yankin suka yi ta ƙorafi har aka mayar da shi Yorkshire.

Masu Zuwa Da Masu Tafiya

Bayan Susan Peacock gidan ya bi ta hannaye da dama. Wuri ne mai ruɗin ido. Wanda ya gan shi da bazara, rana ta fito, motoci sun cika fili, sai ya ce ya sami aljannar duniya. Hunturu ne yake bambanta mai sha'awa da mai haƙuri. Ruwa ya daskare cikin bututu, injin wuta ya tsaya, motar kawo kaya ta kasa hawowa, ga kuɗin haya ko na banki ba ya jiran narkewar ƙanƙara.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗanɗana wannan ya bar shaida a rubuce. A shekarar 1978 wani saurayi mai suna Neil Hanson da matarsa suka karɓi aikin kula da gidan, ba tare da sun taɓa yin sana'ar ba. Hunturun da ya tarye su yana cikin mafi tsanani da aka yi a Biritaniya a ƙarnin. Suka bar wurin, amma bayan 'yan shekaru suka dawo suka saye shi. A cikin shekarun 1980 ne wani kamfanin tagogi mai suna Everest ya zaɓi gidan don tallarsa ta talabijin. An nuna wani sanannen manomi, Ted Moult, yana sakin gashin tsuntsu a bakin taga, gashin ya sauko a hankali alhali iska tana kaɗawa a waje. Tallar ta shigar da Tan Hill kowane gida mai talabijin. Hanson kuwa daga baya ya zama marubuci, a shekarar 2013 ya buga littafi a kan zamansa na can, mai suna The Inn at the Top.

Daga 1985 wani magidanci da matarsa suka riƙe gidan kimanin shekara 20, suka gyara shi, suka ƙara ɗakuna. A zamaninsu, cikin 1995, bayan doka ta yarda a ɗaura aure a waɗansu wurare ban da coci da ofishin rajista, Tan Hill yana cikin mashayu na farko da suka sami wannan izini. Kowane mai riƙo da irin ƙofar arzikin da ya buɗe, domin tsohuwar ta toshe ko tana shirin toshewa.

Daren Da Aka Buga Ƙofa

Tsohon nauyin mai masauki bai mutu ba, lokaci-lokaci yanayi yakan tuna wa mutane da shi. A daren shiga shekarar 2010 waɗanda suka hau bikin sabuwar shekara sun kwana uku ba su sami hanyar sauka ba. Wanda ya fi shahara shi ne na watan Nuwamba 2021. Ran Juma'a 26 ga wata mutane suka taru don sauraron waɗansu makaɗa masu kwaikwayon ƙungiyar Oasis. Cikin daren wata guguwa da aka sa wa suna Arwen ta sauka, dusar ƙanƙara ta binne motoci, wayar lantarki ta faɗo ta tare hanya. Kimanin mutum 60 suka maƙale, yawancinsu ba su san juna ba, ɗakunan kwana kuma ba su isa ba.

Ma'aikatan gidan suka shimfiɗa wa mutane barguna a kan kujeru da daɓe. Aka ci gaba da dafa abinci ana rabawa. Aka shirya wasanni da kacici-kacici don kada hankula su tashi. Baƙi suka shiga wanke kwanoni da share wuri, suka kuma tara kuɗi suka ba ma'aikatan. Masu aikin ceto na kan duwatsu suka hawo suka sauko da wani mai jinya da ba zai iya jira ba. Sai ran Litinin, bayan kwana uku, motar share ƙanƙara ta buɗe hanya. Jaridun duniya suka ɗauki labarin kamar abin dariya, ana cewa mashaya sun sami abin da suke so. Amma in aka cire raha, abin da ya faru shi ne mutum 60 sun kwana uku a kan tudun da yake iya kashe wanda ya kwana a waje, kuma kowa ya sauka lafiya. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A wannan karo an bukaci duka biyun.

Mashayun Biritaniya sun daɗe suna raguwa. A shekarar 2000 sun kai kimanin 60,000, kafin 2019 sun koma ƙasa da 50,000. Dalilan sanannu ne: giyar kanti ta fi araha, haraji da kuɗin wuta sun hau, an hana shan taba a cikin gidajen tun 2007, samari da yawa sun rage sha, sa'an nan annobar korona ta sa aka rufe su duka a watan Maris 2020. Raguwar shan giya ba abin baƙin ciki ba ne. Turawan da kansu sun san ɓarnar da ta yi wa gidaje da lafiyar jama'a, tun cikin ƙarni na 19 suke da ƙungiyoyin yaƙi da ita. Abin da mutanen ƙauyukansu suke kuka da shi dabam ne. In aka rufe irin wannan gida, sau da yawa an rufe wuri na ƙarshe da baƙo zai shiga ba tare da an gayyace shi ba.

Tarihin Tan Hill ya nuna abin da yake raya gidan bakin hanya. Mahaƙa sun zo sun tafi. Dawakin kaya sun tafi. Jirgin ƙasan da ya kashe cinikin kwal shi ma an rufe hanyarsa a shekarar 1962, an kwashe ƙarafunan. Masaukin ya ga bayansu duka, domin a kowane zamani an sami wanda ya yarda ya zauna a kan tudun lokacin da lissafi yake cewa ya sauka, ya hura wuta da safe ba tare da ya san ko wani zai zo ba. Waɗansu sun yi shekara ɗaya, waɗansu 20, mace ɗaya ta yi fiye da 30. Kaɗan ne suka sami dukiya a wurin. Sunayen yawancinsu sun ɓace, ban da na Susan Peacock da yake jikin dutse a bayan gidan, yana fuskantar iska.